Tsohuwar Sanda Mai Lamba 5

Dokar wasan golf ta yarda ɗan wasa ya shiga fili da sanduna 14, babu ƙari. A cikin tawa jakar, wadda ta fi kowace tsufa ita ce wud mai lamba 5, kuma ita nake miƙa wa hannu duk lokacin da wasa ya rikice min. Gwanjo na saye ta. Ta haura shekara 20 da ƙerawa, sunan kamfanin da ke ƙasanta ya goge saura haruffa biyu, fentin samanta duk tabo kamar tsohuwar tasi. Tambayar da aka fi yi min a kanta ita ce yaushe zan canza ta. Amsar nake so in bayar a nan a tsanake, domin a fili ba a samun sararin dogon bayani.

Ga wanda bai san wasan ba, wanda masu labaran wasanni a rediyo suke kira ƙwallon lambu, abin ba shi da wuyar ganewa. Ramuka 18 ne a warwatse cikin makeken fili, kana so ka kai 'yar ƙwallonka cikin kowane rami da bugu mafi ƙaranci. Kowace sanda da aikinta. Akwai direba, mai babban kai, wadda ake buɗe dogon rami da ita bayan an ɗora ƙwallon a kan ɗan turke. Akwai ayon, masu siraran kawunan ƙarfe, na matsakaicin nisa. Akwai fota ta gangara ƙwallo cikin rami. Wud ɗin fili kuwa tana tsakanin direba da ayon: da ita ake ɗaga ƙwallon da ke kwance a ƙasa a aika ta nesa. Sunan ya samo asali ne daga icen da ake sassaƙa kanta da shi a da, galibi wani ice dangin kanya da ke fitowa a Amurka. A 1979 Gary Adams ya kafa kamfanin TaylorMade ya fara sayar da mai kan ƙarfe, sannu a hankali ice ya ɓace, suna ya zauna. Lambar da ke jikinta tana nuna yadda fuskarta ta kwanta: mai lamba 3 wajen digiri 15, mai lamba 5 wajen 18, mai lamba 7 wajen 21. Gwargwadon kwanciyar fuska, gwargwadon sauƙin ɗaga ƙwallo sama.

Na shiga wasan ne da girmana. Wani na gaba da ni a wurin aiki ne ya ja ni, ganin na kwashe shekaru ina zaune gaban kwamfuta daga safe har dare, baya ya fara ƙorafi. Golf ba baƙo ba ne a Arewa; filin Rayfield na Jos tun 1913 yake, zamanin Turawan haƙar kuza. Amma har yau kayan wasan daga waje suke zuwa, da dala ake lissafinsu. Sabuwar wud guda ɗaya ta manyan kamfanoni tana haura dala 300 a can inda ake sayar da ita, kafin kuɗin jirgi da na kwastan da ribar mai kawowa. Wanda yake karɓar albashi da naira, yana biyan haya, yana da ƙanne a makaranta, ya san abin da wannan adadi yake nufi. Shi ya sa na haɗa jakata da ɗai-ɗai, wannan daga wani da zai bar ƙasar, waccan daga wani da ya sabunta nasa kayan. Lamba 5 ɗin ita ce mafi arha a cikinsu.

Sai dai a filin golf ba ƙwallo kaɗai ake bugawa ba. Ana kallon mota, ana kallon takalmi, ana leƙa jaka. Cikin waɗanda muke wasa tare ranar Asabar akwai wanda ba ya shekara biyu da sanda ɗaya. Wata rana na ciro tawa a rami na shida, ya dube ta ya yi dariya ya ce, "Injiniya, wannan ai ta girmi aurenka. Kai da kake ƙera sababbin abubuwa, ina kai ina kayan tarihi?" Wasa yake yi, kowa ya dara, ni ma na dara. Amma irin wannan wasan yana bin mutum gida. Ranar da dare na buɗe waya ina duba farashi, ina lissafin abin da zan ɗage zuwa wata mai zuwa.

Abin da ya tsayar da ni shi ne sana'ata. Rubuta manhaja nake yi, kuma a wannan aiki babu jarabar da ta kai ta rushe tsoho a gina sabo. Duk wanda ya gaji tsohon tsari yana jin hannunsa na ƙaiƙayi ya share shi ya sake daga farko. Waɗanda suka daɗe a aikin suna da ƙa'ida guda da suke maimaita wa sababbin shiga: kafin ka taɓa komai, auna. Idan manhaja tana nawa, nemo ainihin inda take maƙalewa. Sau da yawa za ka tarar ɓangaren da kowa yake zargi lafiyarsa ƙalau, matsalar tana wani lungu da ba wanda ya duba. Ka kashe wata uku kana goge ɓangaren da ba shi ne cikas ba, mai amfani da manhajar ba zai ga bambancin ko daƙiƙa ɗaya ba.

Don haka na auna. Na ari sabuwar wud mai lamba 5 daga wurin wannan abokin nawa mai zolaya, ya ba ni da murna don ya tabbata gani zai kori ji. Na yi Asabar uku ina zuwa wurin atisaye da sassafe, ƙwallo 20 da tawa, 20 da tasa, ina sauya wadda nake farawa da ita don kada gajiya ta fifita ɗaya. Wani yaro yana can nesa yana lura da inda kowace ta sauka, ni kuma ina rubutawa a waya. Sakamakon bai ɓoye komai ba. Idan na sami ƙwallon a tsakiyar fuska, sabuwar ta fi tawa nisa da 'yan yaduka. Amma tazarar da ke tsakanin bugu na mai kyau da mara kyau, da sanda ɗaya, ta ninka wannan bambancin sau da yawa. Wata ƙwallon ta tashi ta yi nisa, ta bayanta ta bi ƙasa kamar ɓera, ta uku ta karkace dama. Wannan warwatsuwar daga hannun ɗan koyo take fitowa, kuma tana nan ko da wace sanda ya riƙe.

Akwai dalilin da ya sa haka, kuma ba a ɓoye yake ba. Tun 1998 hukumar golf ta Amurka ta sa iyaka ga yadda fuskar sanda za ta riƙa tsalle da ƙwallo kamar roba: kada ta mayar da fiye da kashi 83 cikin 100 na saurin karon. Hukumar R&A ta garin St Andrews, mai kula da dokokin wasan a sauran duniya, ita ma ta bi sahu daga baya. Da direba aka fara wannan doka, don ita ce ta fara kaiwa iyakar. Wud ɗin fili ta jima tana baya, saboda kanta ƙarami ne, fuskarta ba ta da faɗin da za ta lanƙwasa ta dawo. A 2012 TaylorMade ya fitar da samfurin RocketBallz mai wani tsagi a ƙasan kai, bayan fuska, wanda yake ba ta damar motsi, ya kuma tallata shi da cewa yana ƙara yadi 17. Ci gaba ne na gaske, sauran kamfanoni ma suka bi da irin nasu dabarun. Sai dai wancan adadi an samo shi ne daga gwaji da gwanayen 'yan wasa masu saurin bugu. Ƙwararru a gasar PGA suna kaɗa direba da saurin da ya haura mil 110 a awa, yayin da matsakaicin ɗan sha'awa yake wajen 90 da 'yan kai. Fuskar da aka ƙera don ta lanƙwasa tana buƙatar ƙarfin da zai lanƙwasa ta. Mai raunin bugu yana samun wani abu daga ƙarin, amma ba duka ba. Bayan wannan tsalle na 2012 kuma, sanduna sun matso kusa da rufin da doka ta kafa, kowace sabuwar shekara abin da take ƙarawa kaɗan ne.

Ba zan zalunci sababbin ba. Sun fi yafiya. Idan ƙwallo ta sami ƙasan fuska, wanda shi ne kuskuren da 'yan koyo suka fi yi da wud, sabuwar tana rage asarar nisa. Da yawa daga cikinsu ana iya kwance wuyansu da ɗan makulli a ƙara ko a rage kwanciyar fuska. An iya rarraba nauyin kai ta yadda ƙwallo take tashi da sauƙi. Wanda yake da hali, kuma bugunsa ya daidaita har yana iya jin bambancin yadi biyar, ya saya, babu laifi. Abin da nake musu a kai shi ne a ce tsohuwar ta daina aiki don an haifi ƙanwarta.

A filayenmu ma akwai inda tsufanta yake zame mata alheri. Daga Nuwamba zuwa Maris, hunturu da rani suna busar da ciyawa, ƙasa ta yi tauri kamar daɓe. Ƙwallo ba ta samun katifar ciyawar da za ta ɗaga ta, tana manne da ƙasa. A irin wannan yanayi sanda mai dogon kai tana wahalar shiga ƙarƙashinta. Tawa tana cikin zuriyar sandunan da suka biyo bayan Tight Lies, wadda Barney Adams ya fitar a tsakiyar shekarun 1990: gajeren kai, nauyi a ƙasa, an yi ta musamman don ƙwallon da ke kwance a fako. Shi a Texas yake aikinsa, bai san da hunturunmu ba, amma busasshiyar ƙasa ɗaya ce a ko'ina. Ƙwallon da ta sauka a irin wannan fili kuma tana gangarawa da nisa, har 'yan yadukan da sabuwar sanda ta fi ni a iska su narke cikin gangarar.

Saura maganar ƙarko, wadda ita ce ta fi damun mai sayen gwanjo. Ana yawan cewa fuskar sanda tana mutuwa. Gaskiya ne ƙarfe yana gajiya idan aka yi ta dukansa, amma a duba wanda ya gajiyar da shi. Henrik Stenson, ɗan ƙasar Suwidin, ya shahara da wata wud mai lamba 3 samfurin Diablo Octane Tour na kamfanin Callaway. Da ita a jakarsa ya ci kofin FedEx a 2013. Da ita ya ci gasar Open ta 2016 a filin Royal Troon na Sikotlan, inda ya buga 63 a ranar ƙarshe ya doke Phil Mickelson, ya kammala da jimillar 264. A lokacin samfurin ya riga ya tsufa a idon kasuwa, kuma kamfanin da yake ɗaukar nauyinsa yana fitar da sababbi kowace shekara, yana iya ɗaukar duk wadda ya ga dama kyauta. Ya ƙi saki. Sai a 2019 ya ajiye samfurin, bayan fuskar wadda yake bugawa da ita a lokacin ta lotsa. Mutumin da wasan ne sana'arsa, mai bugu kamar saukar aradu, wanda yake amfani da wannan sanda a inda wasu suke ɗaukar direba, shekaru ya ɗauka yana dukan samfurin nan kafin ya rabu da shi.

Ni kuwa sau ɗaya nake wasa a mako. A zagaye guda ina ciro lamba 5 sau biyar ko shida. A shekara bai wuce bugu 300 ba, a haɗa da na atisaye a ce 1000, kuma da ƙarfin da bai kama ƙafar nasa ba. Kanta baƙin ƙarfe ne mara tsatsa, fuskarta ta fi ta sandunan yanzu kauri. A wannan lissafi gwiwoyina za su riga ta ritaya.

Abin da yake tsufa a jikin sanda daban ne, kuma wani dattijon kadi ne ya nuna min, cikin masu ɗaukar jaka da suka fi shekara 30 a filin. Ranar da na sayo ta na miƙa masa na ce, "Baba, duba min wannan, ko na yi asara?" Bai kalli fentin ba sam. Ya girgiza ta kusa da kunnensa yana sauraron ko wani abu yana kaɗawa a ciki. Ya riƙe kan da hannu ɗaya, ƙotar da ɗaya, ya murɗa a hankali don ya ji ko gam ɗin da ya haɗa su ya saki. Ya bi ƙotar da yatsa daga sama har ƙasa, ya tsaya a daidai inda bakin jaka yake gogarta, domin ƙotar garafayit idan ta cinye a nan wata rana karyewa za ta yi. Ya karɓi katin banki na ya kafa gefensa a kan fuskar: lafiyayyar fuska tana da ɗan tudu a tsakiya, katin zai yi lilo, idan ya zauna daram ko haske ya ratsa ta tsakiya, ta lotsa. Sannan ya murza robar mariƙin da babban yatsa ya ce, "Yallaɓai, sandarka lafiya lau. Rigarta ce ta mutu. Canza mata wannan, kuma kada ka riƙa barin ta a but ɗin mota."

Duk abin da ya faɗa yana da tushe. Roba tana bushewa ta yi santsi, musamman a zafinmu, kuma santsin mariƙi yana sa mutum ya damƙe sanda da ƙarfi har kafaɗa ta ƙage, bugu ya lalace. Shawarar da aka saba bayarwa ita ce a canza shi duk shekara ko bayan zagaye 40, kuɗinsa kuma bai kai kashi ɗaya cikin goma na sabuwar sanda ba. Zafin but ɗin motar da ta yini a rana yana raunana gam. Damina tana kawo tsatsa ga ƙotar ƙarfe idan ba a goge ta ba. Wani abin dubawa shi ne harafin da ke jikin ƙota, mai nuna taurinta: L da A masu laushi ne, R matsakaiciya, S da X masu tauri. Da yawa daga sandunan gwanjo da ake cewa sun mutu, ƙotarsu ce ta fi ƙarfin wanda ya saya. Sai kuma jabu, wadda ta cika kasuwar intanet: tsohuwar sanda ta asali ta fi sabuwar jabu nesa ba kusa ba, duk ƙyallinta.

Akwai kuma abin da ba a sayarwa a shago. Shekara biyar ke nan ina buga wannan sanda. Na san nisan da take kaiwa da sanyin safiya da wanda take kaiwa da rana tsaka. Na san tana ɗan jan ƙwallo hagu idan na yi gaggawa. Idan na tsaya a gaban tafkin da ke rami na 14, ba na tunanin sanda, ina tunanin inda nake so ƙwallon ta sauka. A wurin aikinmu tsohon tsarin da ya shekara goma yana gudana ya fi sabo daraja ta wannan fuska: an san duk halayensa, an san inda yake tuntuɓe, an san yadda ake lallaɓa shi. Sabo kuwa sai an zauna da shi kafin ya nuna nasa. Ɗan sha'awar da yake canza sanda duk shekara kullum a matakin gabatarwa yake da kayan aikinsa. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma a wasan da rabinsa natsuwa ce, sanin abin da ke hannunka magani ne.

Kuɗin da ban kashe a sabuwar sanda ba, wani ɓangare ya tafi wurin mai koyarwa, darasi shida. A nan ne warwatsuwar nan ta fara raguwa, domin nan ne cikas ɗin yake. Sauran ya tafi inda ya fi cancanta, rajistar ƙanwata ta zangon karatu.

Abin da ya fi tsaya min a rai dai ya wuce aljihuna. Idan muka yarda cewa sai da sababbin kaya ake golf, mun rufe ƙofar wasan ga kowa sai masu dala. Seve Ballesteros na Sifaniya, wanda ya ci manyan gasanni biyar, yaro ne ɗan kadi da ya koyi wasa a bakin teku a ƙauyensu Pedreña da tsohuwar ayon mai lamba 3 guda ɗaya. Da ita ya koyi ɗaga ƙwallo sama, da ita ya koyi fitar da ita daga yashi, saboda ba shi da wata. A filinmu ma, ranar da ake barin kadi su yi wasa, ina zuwa kallo. Yara ne da jakunkunan da aka harhaɗa daga abin da membobi suka yar, wata sandar an ɗaure mariƙinta da robar tayar keke. Da yawansu za su ba ni bugu goma su cinye ni. Duk sandar da wani ya jingine a sito don ta tsufa, akwai yaron da za ta iya zame wa mafarin sana'a.

Saboda haka amsata ga mai tambaya ita ce: zan canza ta ranar da katin banki ya zauna daram a kan fuskarta, ko ranar da buguna ya daidaita har 'yan yadukan nan suka zama su ne tsakanina da abin da nake nema. Idan ta biyun ce ta riga zuwa, sandar ba sito za ta ba. Yaron nan da ya yi Asabar uku yana tsaye cikin raɓa yana ƙirga min ƙwallaye ya riga ya tambaye ni sau biyu ko zai ɗan gwada ta, kuma na ga yadda take tashi a hannunsa.